'Yar Taya a Ɗakin Magani

Duk wanda ya taɓa karɓar magani a ƙaramin asibitin nan na bayan tashar mota ya san Na-Taga, ko da bai san sunansa na yanka ba. Abokan aikinsa ma sai sun ɗan yi tunani kafin su tuno shi. Taga ce ta raɗa masa suna, wata 'yar taga mai ragar ƙarfe da aka huda a bangon ɗakin magani, wadda ba a ganin komai nasa ta cikinta sai fuska da furfurar gemu da hannun da ke miƙo leda. Yara da yawa sun ɗauka a nan yake kwana. An ce wata yarinya ta taɓa hango shi a kasuwa yana tafe da ƙafafunsa, ta ja zanen uwarta ta ce, "Mama, duba, ya fito!"

Ɗakin nasa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Kantoci sun rufe bango uku har sama, kwalaye da kwalabe jere bisa tsarin da shi kaɗai ya haddace. A kusurwa akwai wani tsohon firji da ke gurnani kamar mai ciwon ciki. Kusa da taga kuma tebur ne, da kwamfuta, da 'yar firinta da ke tofo sitikar da ake mannawa a jikin magani.

Da ɗaukar kwali ya fara, yana saurayi, a ƙarƙashin wani dattijo mai ba da magani wanda ya rasu tuntuni. Abu guda dattijon nan ya dasa masa a ka: idan kana gaya wa mutum yadda zai sha magani, to idonka ya tsaya a fuskarsa, domin mutane sukan ce "to" alhali ba su gane ba, kuma a ido ake kama su. Na-Taga ya riƙe wannan har ya zame masa jiki. Yakan karanta takardar likita, ya shigar da abin da ke ciki, daga nan sai ya ɗago kai, ba ya sake sunkuyar da shi sai mutum ya maimaita masa abin da ya ji.

Akwai kuma wani tsoro da ya daɗe yana ɓoyewa, wanda ya samo daga mahaifinsa. Tsohon tela ne, kuma yana kusan shekarun da Na-Taga yake ciki yanzu lokacin da hannunsa ya fara rawa. Da fari zare ne ya ƙi shiga allura, sai almakashi ya fara cin inda ba a sa shi ba, masu kawo ɗinki suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yi faɗa da kowa ba. A ƙarshe ko kofin shayi sai an riƙe masa. Shi ya sa kowace safiya, kafin ya fita, Na-Taga yakan miƙe hannayensa a banɗaki ya zuba musu ido. Maiɗakinsa ta sani, amma ba ta taɓa nuna ta sani ba. In ya daɗe dai takan ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Baban yara, ruwa ne ya ƙare ko barci ka koma?"

Da aka kawo kwamfuta asibitin, shekaru da dama da suka wuce, ya zaci ƙarshen aikinsa ke nan, sai ga shi sun saba. Abin da ya fi kwanta masa a rai ma shi ne mawus, ɗan abin nan da ake dafawa da tafin hannu a ja kibiya a fuskar kwamfuta, musamman 'yar tayar da ke tsakiyar bayansa. Duk inda ya gan ta aikinta ɗaya ne: ka murza ta baya shafi ya yi ƙasa, ka murza ta gaba ya yi sama. Haka take a kwamfutar ofis, haka take a ta 'yarsa a gida. Tunda ba ta cizo, sai yatsansa ya mai da ita abin wasa. Yana magana da mutum ta taga, idonsa a fuskar mutumin, yatsa kuwa yana can yana murzawa, gaba, baya, gaba, gaba, baya, shafin yana ta rawa ba mai kallo. Sista, babbar nas ɗin asibitin, wadda tare suka tsufa a wurin, takan ce, "Na-Taga, da tayar nan ta mota ce, da yanzu ka isa bakin teku."

Ana gobe abin zai faru, da yamma, aka sauya musu manhaja. Wani matashi daga kamfanin da ke kula da kwamfutocin ya zo ya saka sabuwa, mai launi mai kyau da manyan haruffa. Ya tsaya a bayan Na-Taga har ya fitar da sitika ɗaya, sannan ya ce, "Ka gani, Baba? Komai yana inda ka san shi, sauri kawai aka ƙara." A iya abin da ido ke gani, bai yi ƙarya ba.

Washegari da hantsi wata mata ta zo taga, saɓe da yaro ɗan shekara uku ko huɗu. Yaron yana fama da farfaɗiya, likita ya sauya masa magani zuwa wani na ruwa. Na-Taga ya karanta takardar, ya kai kibiya gurbin da ake rubuta awo, ya sa uku, ya ɗago kai.

"Wa muka samu nan?"

"Soja ne, Baba. Soja, gai da Baba."

Yaron ya sara masa da hannun hagu, fuska a murtuke. Na-Taga ya mayar masa da sarawa.

"To, 'yata, saurara. Ga sirinji nan cikin kwalin, ba na allura ba ne, na awo ne. Mil uku, sau biyu a yini. Na farko a ba shi da ya ci abincin rana, tunda bai sha komai da safe ba. Nawa na ce?"

"Uku."

"Ba cokali ba."

"Ba cokali ba, Baba, na ji. Ni aiki ma zan wuce, shago zan kai wa babansa shi. Shi zai ba shi."

"To ki gaya masa da kyau."

Ta yi dariya. "Wannan? Ko na gaya masa sai ya karanta da idonsa. Cewa yake yi kaina rariya ce, ba ya riƙe komai." Daidai nan firjin kusurwa ya yi wata irin shaƙuwa ya ci gaba da gurnani. Ta leƙo ta raga. "Baba, firjin nan naku mijina yake nema. Sana'arsa ke nan, yana layin masu gyara, bayan gidan mai."

"Ki ce ya taho da addu'a, don wannan ya wuce gyara."

Duk tsawon hirar nan yatsansa yana kan aikinsa. Ya danna maɓallin bugawa, firinta ta tofo sitika, ya manna ta a jikin kwalba idonsa na kan Soja, wanda ke ƙoƙarin zura yatsa a ragar taga. Suka yi sallama suka tafi.

Bayan azahar, layi ya yi sauƙi, sai ga Hedimasta. Tsohon shugaban makaranta ne da ya ajiye aiki, mai karɓar maganin hawan jini kowane wata, kuma shi ma da safen ya zo ya cika Na-Taga da surutu. Ya buga sandarsa a bango.

"Kai, mai guba! Fito ka gaya mini wanda ya aiko ka."

"Ranka ya daɗe, me kuma na yi?"

"In abin da zan bari kake hari, ka sha wahalar banza, littattafai ne da tsohuwar rediyo. Shekara da shekaru ina shan ƙwaya ɗaya, yau ka rubuta mini huɗu. Huɗu! Doki ka mai da ni?"

Ya turo kwalin ta taga. Na-Taga ya karanta: ƙwaya huɗu kullum da safe. Ya zaro takardar likita daga ƙusar da yake soke su, ya ga ɗaya. Ya yi dariyar da ta kamata, ya ba da haƙuri, amma hankalinsa yana kan yadda aka yi haka. A wurin danna lambobi, huɗu tana saman ɗaya daidai. Yatsa ya ɗan goce kaɗan, shi ke nan. Ya saukar da hannunsa ƙarƙashin tebur ya dube shi. Rawa yake yi. Ko tsoro ne ya sa shi rawa, ko kuwa abin da ya daɗe yana jira ne ya iso, bai iya rarrabewa ba. Almakashin mahaifinsa kawai yake gani.

Ya buɗe shafin Hedimasta, ya goge huɗu, ya sa ɗaya a hankali kamar mai koyo. Tsohon yana ta zuba a taga, yana ba da labarin yadda jikarsa ce ta fara ganin lambar, amma a wannan karon Na-Taga bai ɗago kai ba. Bai yarda da hannunsa ba, don haka ya kafa wa gurbin ido. Yatsan kuwa, da ya ji ana hira, ya koma wasansa. A gaban idon Na-Taga ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama uku.

Ya murza tayar baya, uku ta koma biyu, ta koma ɗaya. Shafin bai motsa ba ko kaɗan. Ya ja kibiya gefe ya sake murzawa, shafi ya yi ƙasa kamar kullum. Ya mayar da ita kan gurbin awo, lamba ta sake juyawa. Ashe a sabuwar manhajar, muddin kibiya tana kan gurbin lamba, tayar ba shafi take ja ba, lambar take sauyawa, shiru, ba ƙara, ba tambaya.

Abin da ya fara ji wani sanyi ne a ransa: ba ciwon mahaifinsa ba ne. Sanyin bai kai numfashi biyu ba ya gushe. Yatsan nan ba ya wasa sai hira ta yi tsawo, kuma yau da safe layi ya yi yawa, sallamar mutane kawai ya riƙa yi. Da mutum biyu ya tsaya hira. Ga ɗaya a taga yana ta surutu.

Ya buɗe shafin Soja. Tara.

Bai san yadda ya sallami Hedimasta ba. Ya kira lambar wayar da ke shafin, aka ce a kashe take. Ya sake kira, haka. Ya fita ta ƙofar baya ya tarar da Sista tana wanke hannu.

"Sista, na kashe ɗan mutane."

"Rufe mini baki. Wane ɗa?"

Ya gaya mata a gutsuttsure, yaron, da maganin, da tayar. Ba ta gane zancen taya ba, ba ta kuma tsaya ganewa ba.

"Tara maimakon uku? Na farfaɗiya?" Ta kashe famfo. Ya daɗe bai ga fuskarta haka ba. "Ka san inda suke?"

"Layin masu gyaran firji."

"Ɗauki babur ɗinka. In ya riga ya sha, kada ka tsaya bayani, kawo shi. Ni zan sanar da likita, in sa a rufe tagar, a bi duk abin da ka buga yau. Tafi mana, me kake kallo?"

Hanyar ba ta da nisa, amma ranar sai ta miƙe. Wata babbar mota ta tsaya juyawa a bakin gidan mai ta tare titi, ya bi ta gefen kwata har ƙafarsa ta goga bango. A ransa lissafi ɗaya yake ta juyawa: wataƙila uban bai ba yaron abinci da wuri ba. Wataƙila aiki ya sha kansa ya manta. Wataƙila sau ɗaya a rayuwarsa ya ji maganar matarsa. Ya samu kansa yana roƙon Allah ya sa mutumin ya zama sakarai marar kula.

Layin ya fi yadda ya zata tsawo. Matattun firji ne jere a bakin kowane shago, ƙofofinsu a wangale, ga ƙarar janareto, ga warin ƙarfen da ake liƙa. Ya tsaya a shagon farko.

"Sannunku da aiki. Ina neman mai gyaran firji."

"Ka same su, Baba. Duk layin nan mu ne, zaɓi wanda ya fi maka kyau."

"Mai ƙaramin yaro, ana ce masa Soja. Uwarsa ta kawo shi yau."

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce ko na can ƙarshe ne, wani ya ce a'a, wancan 'ya'yansa duk mata ne. Suna cikin gardama, wata mai sayar da ruwa da ke zaune a inuwa ta ce, "Mai sara wa mutane? Shagon da ke da shuɗiyar ƙofa. Yau ma ban ji ɗuriyarsa ba, da yanzu ya zo ya kama ni."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta bi shi har ƙofar shagon.

Wani mutum ne durƙushe a bayan firji, riƙe da bututu. A kan kanta, tsakanin kwalin ƙusoshi da rediyo, ga kwalbar magani a buɗe take daga kwalinta, sirinji a gefe da ɗan ɗigo a bakinsa. A ƙarƙashin tebur, bisa shimfiɗaɗɗen kwali, Soja yana kwance rub da ciki, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ka ba shi?"

Mutumin ya juyo. "Wa? Malam, lafiya? Ko sallama babu?"

"Daga asibiti nake. Maganin yaron nan, ka ba shi?"

"Na ba shi mana, yana gama cin abinci. Tara, yadda aka rubuta. Uwarsa tana ta uku-uku, na ce ke dai kama hanyar aikinki. Sirinjin ma ƙarami ne, sai da na ja sau biyu." Ya yi murmushi yana goge hannu. "Ka ga yadda ya samu barci? Rabon da ya kwanta haka da rana har na manta. Maganin nan yana da kyau."

Na-Taga ya durƙusa ya juyo yaron. Ya kira sunansa, ya bubbuga kumatunsa. Ya ɗaga hannunsa ya saki, hannun ya faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya kai kunne kusa da hancinsa. Akwai numfashi, amma tsakanin ɗaya da ɗaya sai ka ce ba za a sake ba. Ya mintsine shi a kafaɗa da ƙarfi, yaron ya yi ɗan nishi, bai buɗe ido ba.

"Ɗauko shi. Ɗauko kwalbar ma."

"Me ya faru? Malam, me ya faru da ɗana?"

"Uku ne. Matarka ce ta yi daidai. Takardar ce ba daidai ba, kuma ni na buga ta. Hau mu tafi, ka zage ni a can."

Suka sa yaron a tsakiya, uban ya rungume shi ta baya. Duk ramin da suka faɗa, Na-Taga yana jin ɗan kan nan yana bugun bayansa, da nauyi, ba mai riƙe da shi daga ciki. Uban kuwa bakinsa bai tsaya ba. "Soja. Soja, tashi mana. Ga babbar mota can, duba. Soja, Baba ne. Sara mini." Haka ya yi ta yi har ƙofar asibiti, muryar tana ƙara sirancewa.

Likita da Sista suna tsaye suna jira. Aka karɓe yaron, aka ɗora shi a gado, aka sa masa ƙarin ruwa, aka maƙala masa wani abu a yatsa da ke haɗe da na'ura mai ƙara tit, tit. Likita ya dubi kwalbar, ya yi wa uban tambayoyi, sannan ya ce, "Numfashinsa muke tsaro. In ya riƙe, jikinsa zai rage maganin da kansa. In ya fara sauka, za mu wuce da shi babban asibiti. Yanzu jira ne." Aka tura su waje aka rufe ƙofa.

Benci ɗaya ne a barandar. Uban ya zauna a wannan ƙarshe, Na-Taga a wancan.

Suna nan zaune sai ga matashin kamfanin, jaka a kafaɗa, Sista ce ta kira shi. Ta fito ta tare shi a wurin, ba ta ko ba shi kujera ba. Na-Taga ya yi masa bayanin abin da ya gani. Matashin ya saurara har ƙarshe, sannan ya sosa ƙeya.

"Ai ba lalacewa ba ce, Sista. Da gangan aka yi shi haka."

"Da gangan?"

"Masu sito ne suka roƙa. Su yini suke shigar da adadin kaya, sun ce hannu yana gajiya da kai da kawo. Yanzu murzawa kawai suke yi, har godiya suka aiko mana. Kuma an rubuta a bayanin da muka turo."

"Wane bayani? Jiya a gabana ka ce komai yana inda yake."

Matashin ya ce, "Na faɗa. Ban ɗauke shi wani abu ba ne." Ya juya ga Na-Taga. "Amma Baba, ba don raini ba, ai ana duba sitika kafin a manna."

"Gaskiyarka," in ji Na-Taga. "Ban duba ba. Wannan nawa ne, ba zan ɗora maka ba. Amma ɗana, in tambaye ka. Tayar nan ku kuka ƙera ta?"

"A'a."

"To a hannuna kuka same ta, da aikin da ta saba. Hannun nan bai san an sauya manhaja ba, bai iya karanta bayani ba. Shi dai taya ya sani. In za ku ba ta sabon aiki, a wurin da lamba ɗaya take kwantar da mutum, ai sai ta yi wani motsi da zan ji, ko ta tambaye ni."

"In ba a taɓa sauya komai ba, Baba, da har yanzu da biro kake rubutu."

"Haka ne. Amma ranar da aka karɓe biro an gaya mini."

Matashin ya ce ana iya kashe abin a ɗakin magani a bar wa masu sito, sai dai ba shi ke yanke wannan ba, sai ya kai wa na gaba da shi, su kuma su sa shi a gyara na gaba. Sista ta dube shi.

"Asibiti nawa kuka saka wa wannan jiya?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Na-Taga ya ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa, don fuskar matashin ta sauya gaba ɗaya. Ya zaro waya, ya nufi ƙofar fita da sauri, tun bai kai ba ya fara magana da ƙarfi.

Uban Soja ya ji komai. Bai ɗago kai ba ya ce, "Wato ɗana yana kwance a can saboda wani ya gaji da ɗaga hannu, wani kuma yana wasa da yatsa." Ya juya tafukansa, baƙi ƙirin da man inji. "Ni kuma na ja sau biyu. Har da riƙe masa hanci, don ya ƙi sha."



Can sai ga uwar, da rigar aikinta, ɗankwali ya zame. Wani maƙwabcin shago ne ya je har wurin aikinta ya gaya mata. Ba ta dubi Na-Taga ba. Ta tsaya gaban mijinta ta ce, a hankali, "Uku na ce maka." Daga nan ta tura ƙofa ta shige, ba wanda ya hana ta.

Rana ta yi ta sauka a jikin bangon baranda. Wata nas ta zo ta raɗa wa Na-Taga cewa an bi duk sitikun yau, ba a samu wani kuskuren ba sai waɗannan biyun. Ya gyaɗa kai. Ta ce shugaban asibiti yana son ganinsa gobe da safe. Ya sake gyaɗa kai. Kunnensa duk yana kan ƙarar da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, tit, tit, tit. Ya lura numfashinsa ma ya koma bin ta. Duk sanda ta ɗan jinkirta, sai ƙirjinsa ya tsaya tare da ita. Wayarsa ta yi ta motsi a aljihu, ya san maiɗakinsa ce, bai ɗauka ba, don bai san da wane labari zai amsa ba.

Sai ƙarar ta sauya. Ta zama doguwa, mai tsini, ba yankewa. Su biyun suka miƙe tare. Wata nas ta wuce su da gudu ta shige, ƙofar ta rufe a fuskarsu. Uban ya dafa bango. Bakin Na-Taga yana motsi da addu'ar da shi kansa ba ya jin ta. A ciki aka ji muryar uwar ta kira suna sau ɗaya, da ƙarfi.

Bayan haka sai wani sauti ya biyo, siriri, a shaƙe, irin na yaron da aka tasa daga barci bai shirya ba. Ya ƙaru. Ya zama kuka sosai, mai haushi. Aka ji muryar Sista tana cewa, "Riƙe masa hannun, shi ya fizge abin yatsan. Kai, ɗan nan, har da cizo?"

Uban ya faɗa ciki. Na-Taga ya koma ya zauna.

An ɗan jima mutumin ya fito, idanunsa jajur. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ya farka. Likita ya ce za su riƙe shi zuwa gobe, amma ya farka. Wai ruwa yake so, an ce a ba shi kaɗan."

Na-Taga ya tashi da sauri ya shiga ɗakin magani, ya ɗauraye kofinsa, ya cika shi, ya dawo yana tafe a hankali kada ya zube. Uban ya sa hannu biyu ya karɓa, amma bai kauce daga ƙofar ba.

"Gobe zan dawo," ya ce. "Ni da kai da wancan yaron mai jaka. Yau ba ni da bakin magana."

"Ina nan," in ji Na-Taga.

Mutumin ya shige ya ja ƙofa. Na-Taga bai koma benci ba. Ya tsaya a wurin, kafaɗarsa jingine da bango, yana sauraron yaron a ciki yana ta rigima, yana cewa shi ba wannan kofin yake so ba.